Ni da karatun ɗan yayata

Ɗan yayata yana aji uku na firamare idonsa ya fara ja da baya, mu kuma ba wanda ya lura. A makaranta cewa ake baya maida hankali, har bulala ya sha akan bai kwafi rubutun allo ba, alhali yaron nan allon ma dishi-dishi yake ganinsa. Sai da abu ya yi nisa muka kai shi asibitin ido, likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Wallahi ranar gidan kamar an yi rasuwa, mata na ta shigowa jaje, wata ma cewa tayi a nemo masa ɗan jagora tun yanzu ya saba da yawo. Yaya ta share hawaye tace ɗanta ba zai riƙe ƙoƙon bara ba in Allah ya yarda.

Toh mun samu ya shiga makarantar masu buƙata ta musamman, a nan na fara ganin rubutun makafi da idona. Wani ɗan allo ne mai baki biyu kamar littafi, a sa takarda mai kauri a tsakiya a rufe, samansa ƙananan tagogi ne a jere, kowacce taga gurbin ɗigo shida, sai a riƙa dannawa da tsinke. Daga ɗigo shidan nan ake fitar da alamomi 63, kuma wanda ya ƙirƙiro shi, Louis Braille, yaro ne ɗan shekara 15 a Faransa a 1824, shima makaho. Abin da ya fi burge ni daga dama ake rubutawa, in an juya takardar sai a shafa daga hagu. Yaron yana dariya yace min "Kawu ai da ajami nake rubutawa in karanta da boko."

Amma fa shiga makaranta ba shi ne ƙarshen wahala ba, gaskiya nan ma ta fara. Littafi shi ne matsalar. Abokansa masu ido a kasuwa za a siyo musu ko ayi fotokwafi shikenan, shi kuwa littafin da suke rabawa su da yawa ne, wani ma ɗigon ya lafe saboda shafa. Takardar kanta tsada, in ka sa ta yau da kullum ɗigon baya daɗewa. Kuma ba sabon abu bane karatun nan a arewa, tun 1953 mishan suka buɗe makarantar makafi a Gindiri ta jihar Filato, sama da shekara 70 kenan, a Kano ga ta Tudun Maliki, dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya an sa mata hannu tun 2019, JAMB ma tun 2017 take musu tsari nasu daban. Hanya akwai, kayan aiki ne babu, kuma abin yana min ciwo in naga mutum zai iya ba makaho sadaka kullum amma bai taɓa tunanin siyan allo da tsinke ya kai wata makaranta ba.

Yanzu dai in yazo hutu ni ne littafinsa. Bayan isha'i in zauna in karanta masa babi guda a waya in tura ta WhatsApp, ya saurara ya maimaita ya rubuta abin da yake so. Turanci TalkBack, wato manhajar waya mai karanta rubutu da murya, na karanta masa, Hausa ce in muryar wayarsa ta kama sai ta dagula ta. Lissafi har yanzu muna fama. Shekaranjiya ya tsayar da ni yace "Kawu dan Allah ka daina tsallake hotuna, ka gaya min abin da ke ciki." Sai da na koma shafin baya na kwatanta masa zanen zuciyar mutum, ɗaki huɗu, biyu sama biyu ƙasa, ina zana masa da yatsa a tafin hannunsa.