Yadda na gane ƙashin macijin teku a tudun Dange

Bayan ruwan farko na damina nake fita neman ƙasusuwan da suka zama dutse a kwazazzaban da ke kusa da Dange, kudu da Sakkwato, domin lokacin ne ruwa ke wanke yumɓu ya fito da abin da ke ciki. Wannan yumɓu mai ɗauke da ma'adinan jifsam da ƙwallayen fosfet ƙasan teku ne na dā. Shekara miliyan 60 ko kusa da haka, ruwan gishiri ya ratsa Sahara ta Mali da Nijar har ya iso nan. Shi ya sa haƙoran kifin shak da ƙasusuwan kada ke fitowa a wurin da yau ake noman gero.

Gaɓar ƙashin baya ita ce ta fi rikita mai nema, ni kuma bakinta biyu nake fara dubawa. Ta kifi ramuka ne gaba da baya, tsakiyarta a tsuke kamar kalangu. Wadda na tsinta, da ba ta kai kan ɗan yatsa ba, gabanta rami ne, bayanta kuma dunƙule mai santsi da ke shiga ramin ta biye. Wannan ya fitar da kifi, ya kuma fitar da dogayen kadojin tekun wancan zamani, waɗanda nasu bakin biyu kusan a shafe yake.

Sai dai ƙadangare ma haka nasa yake. Abin da ya tabbatar mini sai da na goge yumɓun da tsohon burushin haƙori, a bushe, na sa madubin ƙara girma. A saman hudar da jijiyar baya ke bi, akwai wani ɗan tsini mai faɗi a gaba, a baya kuma wani aljihu da tsinin gaɓa ta biye ke zama. Wannan makulli na biyu shi ke hana jikin maciji murɗewa, kuma kowane maciji yana da shi.

Daga nan sai batun ruwa. Ƙashin a matse yake ta gefe, ya fi tsawo sama fiye da faɗi, gurbin haƙarƙari kuma ya sauko ƙasa sosai. Jiki irin wannan na iyo ne. Da shi aka san macijin tekun dā mai suna Nigerophis, wanda masanin tsofaffin ƙasusuwa Jean-Claude Rage ya bayyana a 1975 daga duwatsun Nijar, da kuma Palaeophis colossaeus na Mali, wanda aka ƙiyasta tsawonsa tsakanin mita 8 da 12. Dangin Palaeophis suna da ƙarin wasu fikafikai biyu a bayan ƙashin. Nawa ba shi da su, kuma ya fi nasu tsawo gaba da baya, don haka na sa shi a dangin Nigerophis. Waɗannan macizai ba kakannin macizan tekun yau ba ne, su na yau dangin gamsheƙa ne.

Abin da ke ci mini rai shi ne ganin ana zuba irin waɗannan ƙasusuwa cikin leda ɗaya. A tsofaffin duwatsun Dukamaje, su ma a yankin Sakkwato, akwai Goronyosaurus, ƙaton ƙadangaren teku mai rami da dunƙule shi ma, kuma ya ɓace tun kafin yumɓun Dange ya kwanta. Saboda haka kafin in ɗaga ƙashi nakan ɗauki hotonsa a inda yake da kwabo a gefe, in rubuta wurin da kalar shimfiɗar ƙasar, in naɗe shi shi kaɗai a takarda.