Harafi ɗaya ya sa muka sake buga satifiket gaba ɗaya

Yayata ce ke koya wa 'yan mata ɗinki a gida, da lokacin yaye su ya zo sai ta ce tunda ni ne malamin Turanci a gidan in rubuta abin da za a sa a satifiket. Na rubuta cewa wance ta kammala ta zama fully fledged tailor, na tura wa mai buga takardu. Shi kuma bawan Allah da ya gani sai ya ɗauka hannuna ne ya goce, ya mayar da shi fully pledged, bai kira ni ba bai tambayi kowa ba, ya buga duka, ga biki ya matso.

Da na je shagon ce min ya yi "Malam ai pledged ne, haka kowa yake rubutawa, irin na I pledge to Nigeria ɗin nan." Abin da ya fi ƙona min rai shi ne iya gaskiyarsa yake faɗa, don ya sha ganin haka a rubuce. Kowa ya san rikicinmu da p da f, to har ta kai wasu in sun ga f a kalmar Turanci sai su zarge ta su sa p, suna ganin gyara suka yi.

Pledge alƙawari ne, ko jingina. Fledge kuwa maganar tsuntsu ce, kuma ni da na tashi da kiwon tattabaru a nan shagon na tsaya ina masa bayani raina a ɓace. Tattabara wajen kwana 18 take kwanci, ɗan ya fito kusan tsirara ido a rufe sai ɗan gashi rawaya tsilli-tsilli, wannan shi ne hatchling. Duk zaman da zai yi a sheƙa iyayen suna masa ɗura sunansa nestling, a lokacin ne gashin ke tsirowa tsinke-tsinke kafin ya buɗe, su ne pin feathers. In ya kai wajen wata guda gashin fiffike ya cika ya fara barin sheƙa sai a ce ya yi fledge, shi kuma ya zama fledgling. Ɗan shila ɗin da muke ci kuwa squab suke ce masa. Asalin kalmar fledge ɗaya ne da fly wato tashi, kar a haɗa ta da fled na gudu, ɗalibaina suna yawan faɗawa wannan ramin.

A lura fa, fledgling ba gwani ba ne, yana tashi yana faɗowa iyaye na biye da shi, shi ya sa ake cewa fledgling company ga kamfanin da bai yi ƙwari ba, kuma bayan 1999 jaridun Turanci sun yi ta rubuta fledgling democracy, abin da gidajen rediyo ke kira jaririyar dimokuraɗiyya. Fully fledged kuma gashi ya gama cika, mutum ya tsaya da ƙafarsa. Abin da nake so in faɗa kenan a kan yaran nan da suka sha wahalar koyon yanka da taka keke, amma takardar da aka buga cewa take kamar an bada su jingina, kuma ita za su riƙa nunawa in sun je neman aiki ko tallafi, haba.

Akwai kuma callow, wadda a tsohon Turanci mai sanƙo take nufi, daga nan ta koma ɗan tsuntsun da bai yi gashi ba, yanzu kuma matashin da bai san duniya ba ake faɗa wa. Wannan kar ka sa wa kowa a takardar yabo.

Daga ƙarshe dai raba kuɗin sake bugawa muka yi, mai buga takardun ya ce shi ba zai ɗauka shi kaɗai ba, Yaya ta ce in yi haƙuri a wuce wajen, na biya rabi alhali daidai na rubuta, wallahi wannan rabin har yau yana min ciwo. Yanzu duk aikin da zan kai bugawa sai an turo min hotonsa ta WhatsApp na karanta harafi-harafi kafin inji ya tashi, in da fledged a ciki kuma a saƙon nake rubuta cewa f ce ba p ba, kar a taɓa. In ka ga full-fledged ma kar ka gyara wa mai shi, haka 'yan Amurka suka fi rubutawa, fully fledged kuma na Ingila ne, duka biyun daidai ne.