Yaren Gezawa a Mile 12

Yau da safe a kasuwar Mile 12 da ke Legas muna jiran a gama sauke tumatir, wani dattijo da muke shan shayi tare kusan kullum wayarsa ta yi ƙara, sai kawai na ji ya juya harshe, wallahi ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Ni duk zamanmu na ɗauka Bahaushe ne irina. Da ya kashe na ce Baba wannan kuma wane yare ne? Ya yi dariya ya ce Geji, mu ne Gezawa, can ƙasar Toro a jihar Bauchi, yayarsa ce ta kira daga gida. Ya ce ko a cikinsu maganar Bolu daban, ta mutanen Zaranda ma daban, waccan Zarandar dai mai dutse a hanyar Jos zuwa Bauchi da na sha wucewa a mota ina gyangyaɗi.

Na ce yaranka fa suna ji? Ya ɗan yi shiru yana juya kofi, ya ce Hausa suke yi da Yarbanci da broka, a Agege aka haife su. Tun ɗazu nake tunanin duk girman Legas ɗin nan sai a waya yake samun mai amsa masa da yarensu.