Git da zama da mutane: abin da aikin kod ya koya min a Legas

Ƙannenmu na Arewa da ke shigowa harkar rubuta manhaja a nan Legas, kusan duk wanda ya same ni neman shawara tambayarsa ɗaya ce, yaya wane yare zan fara koya, Python ko JavaScript. Da wuya ka ji wani ya tambayi Git. Ni kuwa da za a ce in zaɓa wa yaro abu ɗaya da zai riƙe da kyau kafin ya fita neman aiki a Yaba ko Ikeja ko Lekki, to wallahi shi zan zaɓa, don yare kowa na iya koya shi kaɗai a ɗakinsa a Agege ko Idi-Araba, amma ranar da aka ce ku biyar ne ko goma kuna taɓa kod ɗaya, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, a lokaci ɗaya, ranar za ka gane cewa iya rubutu daban, iya aiki cikin mutane daban.

Ga wanda bai sani ba, Git manhaja ce da ke riƙe tarihin duk canjin da aka yi wa kod, wa ya yi, yaushe ya yi, wane layi ya taɓa. Duk ajiyar da ka yi ana ce mata komit, kuma kowane komit na da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 40 da ake lissafo ta daga abin da ke cikinsa har da lambar komit ɗin da ya gabace shi, shi ya sa in wani ya koma baya ya taɓa tsohon abu a ɓoye duk lambobin da suka biyo baya sai sun canza, ba yadda za a yi a rasa ganewa. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, shi ya rubuta shi a 2005 lokacin da aka janye wa masu aikin Linux damar amfani kyauta da BitKeeper, manhajar da suke riƙe tarihin kod ɗinsu da ita, a shekarar kuma ya miƙa ragamar ga Junio Hamano. Kafin nan mutane CVS suke amfani da shi, sai Subversion da aka fara a 2000, kuma su waɗannan tarihin yana zaune ne a kan saba guda ɗaya, wato babbar kwamfutar da kowa ke haɗawa da ita, in ba ka iya kaiwa gare ta ba to ba ka da damar yin komit.

Nan ne na fara son Git tsakani da Allah, don kamar da mu aka yi shi. Tarihin gaba ɗaya yana kan laftof ɗinka. An ɗauke wuta, janareta ba mai, netwok ya tsaya cak, data ta ƙare, ko kana cikin mota a cunkoson gadar Third Mainland ba gaba ba baya, duk da haka kana iya komit, ka buɗe sabon reshe, wato layin aiki na daban da ba ya taɓa na kowa, ka duba abin da aka yi watanni shida da suka wuce, ba ka buƙatar intanet sai lokacin tura aikinka inda kowa ke ajiyewa ko janyo aikin abokanka. Sai dai fa wannan sauƙin ne ke ruɗar mutane. Komit ɗin da ba a tura ba kwafi ɗaya ne tak a duniya, kuma laftof a garin nan ruwan damina na iya shiga jakarsa, ana iya fizge shi a tashar mota, yana iya mutuwa a kai shi Computer Village, kasuwar kwamfuta da waya, a ce sai an canza masa faifai. Na ga wanda aikin sati biyu ya tafi haka, hawaye yake yi, babba da shi. Tun daga nan dokata ita ce ba a rufe laftof da yamma sai an tura, ko aikin bai gama ba, a tura shi kan reshensa.

Wani abu da yara ke haɗawa shi ne Git da GitHub, ba ɗaya ba ne. GitHub kamfani ne da aka buɗe a 2008 inda ake ajiye rumbun kod, wato kod da duk tarihinsa, a intanet, Microsoft ta saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5, akwai kuma GitLab da Bitbucket na Atlassian, duk Git ɗin ne a ƙarƙashinsu. Ku kuma lura da tsofaffin bidiyon koyarwa na YouTube, tun 2020 GitHub ya koma kiran babban reshe main maimakon master, kuma tun Agusta 2021 ya daina karɓar kalmar sirri wajen turawa, sai makullin SSH ko token, wato makullan shaida na musamman da ke maye gurbin kalmar sirri, yara da yawa a nan suke maƙalewa su ɗauka kansu ne ba ya ja alhali bidiyon ne ya tsufa.

Amma babban darasin da na ɗauka ba na umarni ba ne, na bayanin komit ne, wannan ɗan rubutun da kake yi lokacin ajiya. Yawancin masu farawa rubutawa suke "gyara", gobe ma "gyara", jibi "ƙarin gyara". Duk wanda ya san kasuwar Mile 12 ya san littafin dillali, mota ta sauke tumatir daga Kano ko Zariya, kwando nawa, na wane ne, wa ya ɗauka, nawa ya bayar nawa ya rage, don ranar da gardama ta tashi littafin za a buɗe, kuma littafin da aka rubuta "an kawo kaya" kawai ba zai raba gardamar kowa ba. Tarihin Git haka yake. Abin da ka canza Git ya riga ya sani, zai nuna shi layi-layi, abin da bai sani ba shi ne dalili, kuma dalilin nan kai kaɗai ka san shi a wannan lokacin, bayan wata uku kai ma ka manta. In ka rubuta cewa ka ƙara lokacin jira kafin a ce biyan kuɗi ya faɗi saboda amsar banki na yin jinkiri da rana tsaka, to wanda zai gaji aikin bayan ka bar kamfanin ba zai zo ya goge layin ba yana ganin kuskure ne. A Legas kuwa mutane na canza wajen aiki da sauri, wasu ma ƙasar suke bari, wanda za ka tambaya ya riga ya tafi, abin da ya bari a tarihi shi kaɗai ne zai yi maka magana.

Haka kuma komit ya zama ƙarami, abu ɗaya a ciki. Ba wai don kyau ba. Akwai umarnin git bisect da in matsala ta ɓullo ba ku san yaushe ta shigo ba, zai riƙa raba tarihin biyu yana ba ka ka gwada, komit dubu ma gwaji kamar goma ya isa ya nuna maka wanda ya kawo ta. To in wannan komit ɗin layi ashirin ne ka huta, in kuwa aikin sati guda aka tura a dunƙule, fayil hamsin, ka samo shi amma ba ka samo komai ba.

Sai maganar reshe da haɗewa. Buɗe reshe a Git ba ya cin komai, shi ya sa kowa ke buɗe nasa ya yi aiki ba tare da ya taɓa babban reshe ba, matsalar ita ce mutum ya zauna a reshensa sati uku bai janyo na kowa ba, ranar haɗewa sai karo ya tashi ta ko'ina, shi ya canza layi wani ma ya canza layin, Git kuma ba ya zaɓar ɓangare, ajiye maka zai yi ya ce ku sasanta. Abin da na lura shi ne karo mai yawa kusan kullum alama ce ta mutum biyu da ba su yi magana ba. In ka ga karo a kod ɗin da ba kai ka rubuta ba, don Allah kar ka danna "a ɗauki nawa" ka wuce, tashi ka je wajen mai shi ko ka kira shi a waya, minti biyar ne.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne bitar kod, wato kafin a haɗe aikinka sai wani ya karanta ya yi tsokaci. Mu an raine mu da kunya da kawaici, abu ne mai kyau kuma ba na so mu rasa shi, amma a nan yana cutar da mu ta fuska biyu. Yaro zai ga kuskure ƙarara a kod ɗin wanda ya girme shi, sai ya yi shiru ya sa hannu don kar a ce ba shi da ladabi, kuskuren ya tafi har wajen masu amfani da manhajar, kuɗin mutane ya maƙale. Ta ɗaya fuskar kuma in aka yi masa tsokaci goma a aikinsa, a bainar jama'a kowa na gani, sai ya ji kamar an ci masa mutunci, ya daina turo aiki da wuri, ya riƙa ɓoyewa sai ya ga ya kammala, wanda shi ne ke kawo wancan dogon reshen da muka ce. Abokan aikinmu na nan yawancinsu kai tsaye suke magana, ba zagi ba ne, haka suka saba. Kullum ina gaya wa ƙannena gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma wanda ya zauna ya karanta kod ɗinka layi-layi har ya samo abu goma, lokacinsa ya ba ka. In kai ne za ka gyara wa babba akwai hanya, ka sa shi a sigar tambaya, ranka ya daɗe me zai faru a nan in lambar waya ta zo babu sifili a gaba, ladabinka na nan kuma ka faɗi gaskiya. Su ma manyan da ke bita ina roƙonsu su rubuta dalili, su kuma faɗi inda yaro ya yi daidai, don na ga masu basira da suka bar harkar saboda bitar da ba tausayi a cikinta. Umarnin nan git blame da ke nuna wanda ya taɓa kowane layi, amfaninsa ka san wanda za ka tambaya, duk tawagar da ta mayar da shi abin farautar mai laifi za ka ga kowa ya koma jin tsoron taɓa komai.

Akwai abubuwa biyu da ba a wasa da su. Na ɗaya makullan sirri, na rumbun bayanai ko na karɓar kuɗi, ba sa shiga Git sam, a sa sunan fayil ɗinsu cikin .gitignore, jerin fayilolin da Git zai ƙyale, tun ranar farko. In kuma ya riga ya shiga aka tura, goge shi a komit na gaba ba ya fitar da shi, yana nan cikin tarihi, akwai masu bin rumbunan da ke buɗe suna tsintar irin wannan, magani kawai a kashe makullin a fitar da sabo nan take. Na biyu turawa da ƙarfi, wato tilasta tarihinka ya danne wanda ke can, kan reshen da kowa ke amfani da shi, wannan yana iya share aikin wasu, a kulle babban reshe kawai yadda ba mai iya yi. In ko abu ya ɓace a kwamfutarka kar ka firgita, git reflog na riƙe sawun inda ka bi na tsawon makonni, yawanci ana dawo da duk abin da aka taɓa yi wa komit.

Sai amana, don da yawanmu aikin kwangila muke yi. Alhaji mai shago a Alaba Rago ko mai motocin kaya ya ba ka aikin manhaja, ya biya ka, amma rumbun kod ɗin yana cikin asusunka na kanka, shi ko sanin akwai wani abu wai rumbu bai yi ba. Ka tafi gida sallah waya a kashe, ko kun saɓa, ko ta Allah ta kasance, shikenan dukiyarsa ta maƙale, wanda zai ɗauko ya ci gaba sai ya faro daga farko. Wasu ma da gangan suke riƙewa don kar a canza su, wannan kuwa ba daidai ba ne ko ta ina. Tun 2019 GitHub ya bar rumbun sirri kyauta, babu wani uzurin kuɗi. Abin da nake yi yanzu shi ne ranar da aka ƙulla ciniki ranar nake buɗe asusu da sunan kasuwancinsa da imel ɗinsa, shi ne mai shi, ni a sa ni a matsayin ma'aikaci, in nuna wa ɗansa ko yaron shagonsa yadda ake ƙara mutum da yadda ake cire shi, sannan in rubuta fayil ɗin bayani na yadda ake tayar da manhajar a sabuwar kwamfuta, in ba wa wani daga cikin yaran da nake koyarwa ya bi shi daga farko har ƙarshe ba tare da ya kira ni ba, duk inda ya maƙale in koma in gyara rubutun.