Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Hukuncin Abuja ya iso Bukoki

A makon jiya na tsaya a inda maigidana ya kai kuɗin gaisuwa gidan wadda zai aura, ni kuwa sai a bakin maƙwabta na fara ji. Cikin wannan ƙuncin na shiga shekarar 2020, ina ɗinki a shagona na Bukoki, a nan Yamai, da ƴan mata masu koyo a hannuna.

Ranar Litinin, 27 ga Janairu, da yamma, ɗaya daga cikinsu ta ɗago kai daga waya ta ce, "Anti, an yanke wa Maryam Sanda hukuncin rataya." Kekuna suka tsaya. Duk mun san zancen, domin tun Nuwamban 2017, lokacin da aka ce ta daɓa wa mijinta Bilyaminu Bello wuƙa a gidansu na Abuja, sashen Hausa na BBC da sauran tashoshi suke bin shari'ar. Iyaka ba ta hana magana ƙetarowa. Harshe ɗaya ne, aure ɗaya, kishi ɗaya.

Abin da ya sa hukuncin ya raba kan jama'a shi ne babu wanda ya ga lokacin da aka yi sukar. Ita ta ce faɗa suka yi a kan hoton wata mace da ta gani a wayarsa, ya zame ya faɗa kan fasasshiyar tukunyar shisha. Wani abokin mamacin kuma ya shaida wa kotu cewa a daren ya raba su, ya karɓe wuƙa daga hannunta ba sau ɗaya ba. Mai shari'a Yusuf Halilu bai yarda da zancen shisha ba. Ya ce ita ce ta ƙarshe da ke tare da shi, kuma hujjojin da suka kewaye lamarin sun isa. Na saurari bayanin da kyau, kuma har yau ina ganin alƙalin yana da hujja. An kashe rai, ɗan wasu ne, uban yara ne.

Amma abin da mutane suka yi da hukuncin shi ya ƙona mini rai. A Facebook da WhatsApp ba a yaɗa hujjar alƙali ba, kukanta a kotu aka yi ta yaɗawa, ana dariya. A fadar samarin ƙofar shagona, ana zuba shayi ana cewa maganin matan zamani ke nan. Mata masu kawo ɗinki kuma wasu suna cewa ai namiji ne ya ja. Wata hajiya daga Wadata ta ce ɗiyar manya ce, ba za a rataye ta ba. Wani malamin makaranta da ke zama a fadar ya tuna musu cewa mu nan Nijar hukuncin kisa yana cikin doka, amma rabon da a zartar da shi tun 1976, zamanin Kunce. Ba wanda ya kula shi. Ba kuma wanda na ji ya tambayi halin da ƙananan ƴaƴan Maryam da Bilyaminu biyu za su shiga, ko ya tsaya kan abin da ni ya fi tsaya mini a rai: an ga wuƙa a daren, an ga fushin ya wuce iyaka, duk da haka aka bar mutum biyu a gida ɗaya.

Daga nan sunan ya zama sanda a hannun maza. Daren da na tambayi maigidana dalilin da ya ɓoye mini maganar aurensa, ban ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "To, Maryam Sanda, sai in fara kulle ɗakina?" Washegari ƙanwarsa ta zo ta kwashe wuƙaƙen madafa a gaban ƴaƴana, wai wasa take. Ni da ban taɓa jifan sa ko da ludayi ba. Na gane an toshe mini baki ke nan: in na yi magana ni mai kisa ce, in na yi shiru na yarda. Daga baya na ji mata da yawa an yi musu haka a watannin nan.

Na kira Inna a Tawa ina kuka. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Ɗiyata, mi kike so, ki zamna ko ki taho gida?" Na ce ban sani ba. Ta ce to ba za ta bar ni da zuciya ni kaɗai ba, kuma ba za ta ce mini in yi haƙuri ta waya ba. Ta sa Yaya Babba ya hau motar safe, ya zo ya zauna da mu biyu a gaban limamin unguwa.

Ya iso bayan la'asar da ƙura har gira. Bai ko sha ruwa ba ya aika a kira maigidana daga kasuwar Katako. Yadda zaman ya kasance, da sharaɗin da Yaya ya kafa masa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.