Godiya bayan sunan ɗiyarmu a Bankok

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ranar Asabar da ta wuce aka raɗa wa jaririyarmu suna a nan Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, mai jego da ɗiyarta kuma suna cikin ƙoshin lafiya. A madadina da maiɗakina nake wannan godiya, domin in na ce sai na bi kowa gida, wata guda ba zai ishe ni ba.

Waɗanda suka san halin da muka shiga sun san Hajiya, surukata, ita ce za ta zo ta zauna jego, amma takardun tafiyarta ba su fito da wuri ba. Naƙuda kuma ta tashi wajen ƙarfe 2 na dare, ana tsuga ruwan sama irin na daminar ƙasar nan, lungunmu ya cika har ƙwauri. Maƙwabcinmu mai tasi, wanda ban taɓa haɗa komai da shi ba sai ɗaga hannu da safe, shi ya naɗe wando ya fito da mota. Da na miƙa masa kuɗi a ƙofar asibiti sai ya ture hannuna yana cewa "mai pen rai", wato ba komai. Washegari ɗan acaɓan bakin layi, cikin 'yar rigarsu mai ruwan goro, shi ya yi ta safarar kaya tsakanin gida da asibiti. Na gode musu.

Amma godiyar da ta fi mini nauyi ta tsohuwar nan ce mai sayar da khao mok gai, shinkafarsu ta Musulmi mai kurkum da kaza, a bakin kasuwar unguwarmu ta wajen Ramkhamhaeng. Pa muke ce mata, kamar a ce Goggo. Tun zuwanmu ita ta koya wa maiɗakina cewa "mai sai mu", kada a sa alade, ta nuna mata tambarin halal da za ta riƙa dubawa a jikin kaya. Ranar da aka sallamo mu sai ga ta da tukunya da ƙunshin ganye. Ashe su ma suna da jegonsu, yu fai suke kiransa, zaman kusa da wuta. Ta ƙulle kurkum da ganyen tsamiya da kafur da wata ciyawa mai ƙamshin lemun tsami a farin ƙyalle, ta turara har ya ɗau zafi, tana gasa wa mai jego baya da ciki. Ta hana ta ruwan sanyi, sai na citta mai ɗumi. Ta dafo miyar da suke kira kaeng liang, mai kabewa da barkono da furen ayaba, wai tana kawo ruwan nono. Akwai wani abin ɗanɗano da suke yi da ƙananan jatan lande, kapi, wanda warinsa ya kore ni daga ɗakin, sai maiɗakina ta tuna mini cewa mai cin daddawa ba shi da bakin magana.

Abin da ba zan manta ba, ranar da aka kira Hajiya ta bidiyo daga Kano. Ita ba ta jin yaren Tailan, Pa ba ta jin Hausa, amma suka shafe kusan rabin awa suna nuna wa juna ganye da tukunya. Hajiya ta ɗago reshen darbejiya, Pa ta gyaɗa kai ta ɗago nata ƙunshin. Da aka kashe waya Hajiya ta turo saƙo cewa yanzu hankalinta ya kwanta, a bar wa matar nan aikinta. Kullum tana zuwa bayan asuba kafin ta hura wutar sana'arta. Allah Ya saka mata da Aljanna.

Ina godiya ga 'yan uwa 'yan kasuwa da ke sarin tufafi a Pratunam da Bobae. Ɗayansu ne ya taho mana da gero da kanwa da yajin jego a cikin jakarsa, shi ya sa aka sha kunun kanwa na gaske. Matan ɗalibanmu da ke karatu a nan su suka yi sammakon kasuwar Khlong Toei, suka tsaya kan murhu har aka sauke tuwon shinkafa da miyar taushe. Rago ya yi mana wuya, sai da limamin masallacinmu ya haɗa mu da wani makiyayi a Nong Chok, can gefen gari inda Musulmi suke da yawa. Malam, Allah Ya ƙara girma. Ma'aikaciyar ofishin gunduma ma ta sha haƙuri da ni, don da na ga 2568 a takardar haihuwa na dage an yi kuskure, sai da ta fahimtar da ni cewa kalandarsu ta fi ta Miladiyya da shekara 543.

Maƙwabta da ba Musulmi ba sun zo da mangwaro da shinkafa mai danƙo, suka tuɓe takalma a ƙofa, suka zauna shiru har aka shafa addu'a. Su ne suka laƙaba wa yarinyar Fon, ma'ana ruwan sama, don a nan kowane yaro sai an yi masa sunan wasa. Yanzu duk layin Nong Fon ake kiranta, kamar a ce ƙanwa Fon, sunan yanka sai mu a cikin gida.

Waɗanda suka turo barka da addu'a daga gida, Allah Ya bar zumunci, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Wanda muka yi wa ba daidai ba a cikin hidima ya yafe mana. Akwai kuloli biyu da wata lema shuɗiya da aka bari a wajenmu, mai su ya yi mini magana in kawo masa masallaci ranar Juma'a.