Hoto biyu iri ɗaya, da abin da jinin sikila ya koya min a mastas

Akwai wata samina da har yau in na tuna sai na ji kunya ta lulluɓe ni. Na tsaya gaban malaman sashenmu na bayokemistiri, furojekta na haska hotuna biyu a bango, ɗaya himoglobin ɗin mai lafiya, wato furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jini, ɗaya na mai sikila, dukkansu shuɗi shar kamar an rino su a Ƙofar Mata, ina ta zuba ina juya su hagu da dama da linzamin laftof. Sai wani dattijon farfesa da bai cika magana ba ya ɗaga hannu yace, "Yaro, ni dai idona ya tsufa, taimaka ka nuna min inda suka bambanta." Na juya na kalli bango, na ƙara kalla. Wallahi gumi ne ya karyo min, don in banda wani ɗan tsinke guda a gefe da sai ka zuƙo hoton sosai kafin ka gan shi, babu wani bambanci. Nace ranka ya daɗe ga shi nan a lamba ta shida. Yace to na gani, yanzu wannan ɗan abin ne yake kwantar da yaro a asibiti sati guda yana ihu, ta yaya? Nan fa na yi tsuru-tsuru.

Bari in koma baya kaɗan. Ƙanwata SS ce, tun tana ƙarama muke zaryar asibiti da ita, shi yasa da aka zo zaɓen abin da mutum zai yi furojek a kai ban ma tsaya tunani ba. Lokacin kuma AlphaFold, manhajar da ke hasashen siffar furotin, na tashe. Ga wanda bai sani ba, furotin kamar carbi yake, ana jera 'ya'yansa daga amino asid iri 20, amma ba a miƙe yake aiki ba sai ya naɗe kansa ya ɗauki wata siffa takamaimai, siffar ce aikinsa. Gano wannan siffa a da ɗaukar Dala ba gammo ne. Max Perutz a Kambirij ta Ingila ya haura shekara ashirin yana fama da himoglobin kafin ya ga siffarsa, shi da John Kendrew aka ba su Nobel a 1962. Rumbun da ake tara siffofin furotin da aka gano a lab, da aka buɗe shi a 1971 guda bakwai kacal ne a ciki, sai da aka yi shekara hamsin da wani abu ana wahala kafin ya kai dubu 200. Kwatsam a ƙarshen 2020 kamfanin DeepMind mai AlphaFold ya shiga gasar hasashen siffar furotin da ake kira CASP ya yi wa kowa fintinkau, zuwa 2022 sun saki hasashen siffa sama da miliyan 200 kyauta ga duk mai intanet.

To ka ga ɗalibi irina da lab ɗinsu ko firij ba ya samun wutar awa goma a jere, ace masa yanzu da data ta dubu biyu zai iya fitar da abin da ya ci wa Perutz ƙuruciyarsa, ai abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Na kwafo jerin sarƙar beta ta himoglobin, amino asid 146, na zuba a AlphaFold. Na sake zubawa amma na canja na shida daga gulutamik asid zuwa balin, wanda shi ne gaba ɗaya sikila, harafi ɗaya a DNA, GAG ya koma GTG. Kafin in gama shan shayi hotuna sun fito. Launin shuɗi mai duhu a wannan manhaja yana nufin kwamfuta ta amince da hasashenta sama da 90 cikin 100, ni kuma na ɗauki amincewar kwamfuta a matsayin na gano wani abu. Kallon kitse na yi wa rogo.

Sati biyu bayan saminar ina ta zargin manhajar, har na rubuta a babi na huɗu cewa AlphaFold ya gaza. Gaskiya ne an san ba ya iya nuna tasirin canjin amino asid guda ɗaya yadda ya kamata, su kansu masu shi sun faɗa. Amma da sufabaiza na ya karanta sai ya ja layi a kan wajen da jan biro, yace je ka sauko da siffofin da aka auna da gaske da haskawar eksire, ka ɗora su a kan juna ka dawo. Na je na yi. Su ma kusan iri ɗaya ne! Wato kwamfuta ba ta yi min ƙarya ba, himoglobin ɗin sikila guda ɗaya in ka ware shi lafiyarsa ƙalau, yana ɗaukar iskar oksijin yana saukewa kamar kowa. Ni ne na je da tambayar da ba ita ba, na ɗauki hoton mutum shi kaɗai a ɗaki ina so in gane halinsa a kasuwa.

Wanda ya fara buɗe min ido ba farfesa ba ne, wani tsohon ma'aikacin lab ne na ɓangaren gwajin jini, kowa Baba yake ce masa, ya fi shekara talatin yana wannan aiki kuma bana jin ya taɓa buɗe AlphaFold. Na kai masa kukana yace zo nan. Ya ɗiga jinin SS a gilashi, ya ɗiga wani ruwan magani mai cinye oksijin, ya rufe da ɗan siririn gilashi ya shafe gefen da basilin don kar iska ta shiga. Yace zauna ka zuba ido, kar ka taɓa waya. Da farko ƙwayoyin a zagaye suke abinsu, ba abin da ke faruwa, har na fara gajiya. Can sai na ga sun fara miƙewa suna lanƙwashewa, wasu kamar lauje wasu kamar ganyen da ya bushe. Baba yace ka gani ko, ba ya zuwa nan take, sai ya yi jira. Wannan kalma ta jira ita ce ta zame min furojek ɗin gaba ɗaya, amma a ranar ban gane ba.

Wanda ya ƙarasa min kuwa abokin kwanana ne a hostal, ɗan injiniyan ƙarafa da kayan ƙira, mutumin da ko sunan amino asid ɗaya bai riƙe ba. Ina masa bayani da daddare muna cin indomi, nace idan himoglobin ɗin sikila ya sauke oksijin, wannan balin na lamba shida ba ya shiri da ruwa kamar mai yake, sai ya nemi wani ɗan rami a jikin himoglobin ɗin da ke kusa da shi, tsakanin amino asid na 85 da na 88, ya cusa kansa, shi ma wancan ya cusa a na gaba, a haka su yi ta haɗuwa su zama zare, zaren kuma igiya 14 ne a murɗe waje guda, su taru kamar tsintsiya su tokare ƙwayar jinin daga ciki. Amma nace abin da ban gane ba me yasa suke jira. Sai kawai ya aje cokali yana dariya, yace Malam wannan ai karatunmu ne na aji biyu. Yace ba ka taɓa ciro fiya wata daga firiza ba ka gan shi ruwa ne tsululu, kana buga shi a tebur ya daskare nan take a hannunka? Sanyin ya isa tun tuni, abin da ya rasa shi ne ɗan ƙwayar farko da sauran za su taru a kanta. Haɗa wannan ƙwayar farko shi ne mai wuya, in ta samu sauran gudu ne. Yace haka narkakken ƙarfe yake in zai daskare, haka siminti yake ɗan yin shiru bayan an kwaɓa kafin ya kama, duk kimiyya ɗaya ce.

Na kwana ina bincike, ashe tun 1974 wasu masu bincike a cibiyar lafiya ta ƙasa a Amurka, Hofrichter da Ross da William Eaton, sun auna wannan jinkiri. Kuma abin da suka samu ya girgiza ni: tsawon jiran ya dogara da kaurin himoglobin a cikin ƙwayar ta wata hanya mai tsanani, ka rage kaurin da kamar kashi 8 cikin 100 kawai sai jiran ya ninka kusan sau goma. Yanzu ka haɗa da cewa ƙwayar jini ɗan lokaci kaɗan take yi, kamar daƙiƙa guda, a cikin ƙananan jijiyoyin da take sauke oksijin. Tsere ake yi kenan. In ta fice ta koma huhu kafin zaren ya haɗu ta tsira a wannan zagayen, in ya riga ta sai ta sandare ta toshe hanya, na bayanta su ma su makale su ƙara rasa oksijin, ciwo ya tashi.

Wallahi a daren nan na tuna Umma. Shekara da shekaru tana bin yarinyar nan da gora, sha ruwa, sha ruwa, musamman lokacin zafi da azumi, mu kuma muna ganin kamar ta cika takura. Ƙwayar jini in ta rasa ruwa himoglobin ɗin cikinta ƙara kauri yake, jiran ya gajarce. Umma ba ta san lissafin ba amma tana aiki da shi, ni da nake da digiri a fannin ina can ina juya hoto mai shuɗi.

Daga nan sauran abubuwa suka fara zama min a kai. Tun 1948 wata likitar yara a Niyok, Janet Watson, ta lura jariran masu sikila ba sa fara ciwo sai bayan wasu watanni, saboda himoglobin ɗin da jariri ke zuwa da shi daga ciki daban ne, ba ya shiga cikin zaren, yana tsarma na sikilan. Maganin haidiroksiyuriya da ake ba yara masu sikila yanzu babban aikinsa kenan, ya ƙara wannan himoglobin na jarirai. An ma yi babban gwaji a kansa a asibitocin Kano da Kaduna kan kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, sakamakon ya fito a 2022, aka ga ko ƙaramin awo ma yana aiki. Shi kansa Casgevy da aka yi ta yayatawa, maganin farko da aka amince da shi na gyaran ƙwayar halitta da fasahar CRISPR, Ingila ta amince a Nuwamban 2023 Amurka ta biyo a Disamba, bai taɓa harafin sikilan ba sam. Wani makunni ne mai suna BCL11A da ke kashe himoglobin ɗin jarirai bayan haihuwa, shi suke lalatawa a ƙwayoyin ɓargo don ya dawo. Wato duk wannan fasaha tsarmi take yi don a tsawaita jira. Kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya, ban da kemo da makonni a gadon asibiti, ga Najeriya, ƙasar da ta fi kowace yawan haihuwar masu sikila a duniya, kuwa sai dai muce kamar yadda kare yace da aka ce ana biki a gidansu, mu gani a ƙasa.

Akwai kuma wanda ya ƙara sanyaya min gwiwa game da yarda da zane. Wani magani Oxbryta, an ƙera shi ne daidai kan siffar furotin ɗin, yana manne wa himoglobin ya riƙe shi a yanayin mai oksijin don kar ya yi zare. A takarda ba ka da abin kushewa, a gwaji ma jinin marasa lafiya ya ƙaru, aka amince da shi a 2019. Satumban 2024 kamfanin Pfizer ya janye shi daga kasuwannin duniya gaba ɗaya saboda bayanan da suka nuna tashin ciwo da mace-mace sun fi yawa a wasu da ke shan sa. Bayan 'yan makonni aka sanar da Nobel na kemistiri, rabi ga David Baker mai ƙera sababbin furotin da babu su a halitta, rabi ga Demis Hassabis da John Jumper na AlphaFold. Guruf ɗin ajinmu ya cika da murna, ni ma na yi, sun cancanta ba ko tantama, amma labaran nan biyu a tare suka zauna min kuma har yanzu ban iya tuna ɗaya ba tare da ɗayan ba.

Ban daina amfani da manhajar ba fa, kar wani ya fahimce ni a baibai. Sabon da suka fitar a 2024 ma yana iya haɗa furotin da wasu ƙwayoyin a hoto guda, kuma ga wanda yake aiki kan furotin ɗin da ba a taɓa ganin siffarsa ba wannan kyauta ce babba. Nawa dai an riga an san siffarsa tun kafin a haifi babana, zumuɗi ne ya hana ni tambayar kaina me nake nema.

Babi na huɗu dai na yage shi na sake. Abin da na koma yi ba shi da kyan gani ko kaɗan, kwalaben gwaji ne da ruwan gishirin fosfet mai kauri da agogon waya, ina cire oksijin ina auna minti nawa ruwan himoglobin ɗin zai ɗauka kafin ya dagule, in canja kaurin in sake. Sau uku wuta na ɗaukewa a tsakiyar awo in faro daga farko, injiniya ne ya zana min jadawalin don ni lissafin ya fi ƙarfina, sunansa na cikin godiya tare da na Baba. Ranar difens dattijon farfesan nan yana zaune a kujerarsa ta gefen taga, da na sako jadawalin, layi a kwance shiru sannan ya miƙe sama tsaye, sai ya gyara gilashinsa ya ɗan matso yace to wannan kam ina gani, ci gaba.